Shekarar da 'Yata Ta Zaɓi Zane

Shekarar da 'yata ta cika sha huɗu muna zaune a unguwar Ardwick, a wani flat, wato gidan haya a bene, na hawa na biyu mai babbar taga da ke kallon bayan gidan kwanan ɗalibai. Karatu ne ya kawo ni Manchester tun farko, ilimin ƙasar noma, da niyyar in yi shekara guda in koma gida. Shekara guda ta zama digiri na uku, digirin ya zama aiki a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a tsakanin nan kuma aka haifa mana ita. Sunan mahaifiyata muka sa mata, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba. Mamana nake ce mata. Ita kuma ta ce mini Abba, da irin harshen yaran Manchester da ke datse wa kalma wutsiya.

A makarantunsu, idan yaro ya kai wannan aji sai a ba shi dama ya zaɓi wasu daga cikin darussan da zai yi jarrabawar fita da su. Ni da mahaifiyarta mun riga mun yanke mata tun ba a tambaye mu ba, kwamfuta da labarin ƙasa. Wata rana ta dawo daga makaranta, ta ajiye jaka, ta tsaya a ƙofar kicin tana murza bakin hijabinta, ta ce ita zane ta zaɓa.

"Zanen me?" in ji mahaifiyarta, ko juyowa daga kan tukunya ba ta yi ba.

"Art, Umma. Zane da fenti."

"Fenti? Mu baro Malumfashi mu zo har nan don ki zama mai fenti?"

Na san tana zane, domin bayan kowane littafinta cike yake da butoci da kujeru da wata bishiya da ake hangowa ta tagarmu. Amma na ɗauke shi a matsayin wasan yara, abin da za ta bari da kanta in ta ƙara wayo. Sai da aka yi taron iyaye na haɗu da malamarta, wata doguwar Baturiya mai ragowar fenti a gefen farce. Ta ce mini yarinyar tana da ido. Ta ce amma jarrabawar ba iya hannu kaɗai take nema ba, sai ɗalibi ya san yadda magabata suka yi zane, yadda wani salo ya tashi ya ture wani. Ta ce in riƙa kai ta gidan adana zane-zane da ke tsakiyar gari, shiga kyauta ce.

A gida aka yi sulhu bisa sharaɗi biyu, duka na mahaifiyarta. Ba za a rataya mata hoton mai rai a falo ba, kuma ranar da makin kimiyya ya sauka, ranar fenti ya ƙare. Rakiya kuwa ta faɗo kaina, saboda Asabar ce ranar da mahaifiyarta ke girkin mako.

Ginin nan mai ginshiƙan dutse na wuce shi ban san iyaka ba, kullum ina ɗauka kotu ce. Asabar ta farko ana yayyafi muka shiga bas, muka sauka, muka haye matakala. Ciki ɗumi, shiru kamar ɗakin jarrabawa, sai ƙarar takalma a kan katako. Na rage murya ba tare da kowa ya ce in rage ba. Mamana kuwa ta wuce gaba da ƙaramin littafin zanenta a hannu, sai na zama ni ne ɗan rakiya na gaske.

Ta fara kai ni wajen mafiya tsufa. Ƙananan alluna ne, bayansu duk ruwan zinare, mutanen ciki a shafe kamar an bi ta kansu da dutsen guga. Jariran ma fuskar dattawa gare su. Na ce mata, "Mamana, wannan jaririn ai ya girme ni." Ta toshe baki tana dariya har wani mai gadi ya waiwayo. Daga nan ta ja ni gaban wani zane na daban, na wasu mutane a cikin wani dogon zaure. Ta ɗaga yatsa a iska, ba ta taɓa ba, ta bi layin daɓe, ta bi layin rufi, ta nuna mini duk suna tafiya su haɗu a wuri ɗaya can ciki.

"Wannan shi ne Renaissance, Abba. Lokacin da suka gano yadda za su sa nisa a kan abu mai shafe. Ka ga kamar za ka iya shiga?"

Na gani. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne titin jirgin ƙasa na Funtua. Muna yara, in mun raka wani tasha, mukan tsaya tsakanin ƙarafunan nan biyu mu hango inda suka haɗe, mu yi ta gardama ko da gaske a can suke haɗuwa. Na gaya mata. Ta ce, "To, kun gano shi ku ma, zanawa ce ba ku yi ba."

Ba duka ɗakunan ne suka zo mini da sauƙi ba. Akwai waɗanda mutanen cikinsu ba su ga damar sa tufafi ba, maza da mata, kuma a manyan alluna, yadda ba ka isa ka ce ba ka gani ba. Uba da 'yarsa budurwa. A irin waɗannan ɗakuna na ƙware wajen nazarin takalmina. Ita ma ta gane, sai ta riƙa cewa, "Abba, wannan ɗakin mu bi ta gefe," mu wuce da sauri kamar masu gudun ruwa. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ko a hanya ko a gida.

Sunayen salon ba sa zama a kaina, sai na riƙa raɗa musu nawa. Waɗanda take kira Baroque na sa musu masu aci-balbal, domin zanensu duhu ne ƙirin, sai haske ya faɗo ta gefe guda ya kama rabin fuska da hannu ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai tsire bayan isha'i ya san wannan hasken. Akwai kuma wasu ƙananan zane-zane na mutanen Holan da ba kowa ke tsayawa gabansu ba, babu sarki, babu yaƙi, sai mace a ɗaki tana shara ko tana feraye wani abu a cinya, ƙofa a buɗe a bayanta. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe ni. Matar ta sunkuyar da kai, ta ɗan karkata wuya, daidai yadda mahaifiyata ke yi in tana tsince shinkafa a faifai. Duk zuwan da muka yi sai na je na tsaya gabanta. Mamana takan ce, "Je ka gaida Hajiyarka, ina ɗakin gaba."

Masu hadari su ne na gaba, waɗanda ta ce sun gaji da tsari da natsuwa, suka koma zana teku yana hauka da jiragen ruwa suna karyewa da duwatsu masu ban tsoro. Ni da ban ga teku ba sai da na yi gemu, waɗannan ba su ce mini komai ba. A kusa da su kuma akwai matan nan masu jan gashi, dogayen wuya, manyan idanu, kowacce ta yi tagumi kamar an aiko mata da saƙon rasuwa. Ta ce wasu samarin Ingila ne suka haɗa kai suka zana su, wai a ganinsu zane ya lalace, gara a koma yadda na da can suke yi. Kowane ganye a zanensu sai ka ƙirga jijiyoyinsa. Na yaba musu aiki, amma na ce matan su ɗan saki rai.

Gardamarmu ta farko a kan Impressionism muka yi ta. Ta kai ni gaban wani allo, na matsa kusa kamar yadda na saba, ban ga komai ba sai shafe-shafen toka-toka da ɗigon ruwan ɗorawa nan da can.

"Wannan bai gama aikinsa ba," na ce.

"Ya gama."

"Mamana, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan goge burushi ya yi a jiki."

Ta kama hannun rigar sanyina ta ja ni da baya, da baya, har bayana ya kusa taɓa bangon da ke can gefe. Sai shafe-shafen suka tattaru. Titi ne a cikin hazo, fitilu sun fara kamawa, mutane sun dunƙule cikin riguna, ga wani dogon gini ana cikin gina shi. Kuma na san titin. Shi ne wanda nake bi kowace safiya zuwa wajen aiki. Ta ce mai zanen wani Bafaranshe ne da ya zo ya zauna a garin nan tun zamanin kekunan doki. Ta ce su masu wannan salo abin da suke kamawa shi ne yadda haske ya faɗa wa abu a wannan ɗan lokacin, kafin ya gushe.

Na daɗe a tsaye. Shekara da shekaru ina bin titin nan kaina a ƙasa, ina ɗaukarsa hanyar wucewa kafin in koma gida. Ga wani baƙo irina ya zo ya tsaya ya dube shi da kyau. Da muka fito da yamma aka yi sa'a garin ya yi irin wannan lumshin, fitilun motoci suna kwance a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Na ce mu bar bas, mu taka. Muka sayi soyayyen dankali a hanya, muna tafe muna ci daga takarda ɗaya, yatsunmu na daskarewa.

Daga nan Asabar ta zama tamu. Wani lokaci mukan hau taragon cikin gari mu tafi Salford da ke manne da Manchester, bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda aka tara zanen wani ɗan garin da ya ƙare rayuwarsa yana zana masaƙu da hayaƙi da ɗaruruwan mutane sirara kamar tsinken ashana. Mamana takan bi su ɗaya bayan ɗaya har ta sami wani da ya ranƙwafa, hannu a aljihu, ta ce, "Ga ka nan, Abba, za ka lab." Ban taɓa musu ba, don tafiyata ce sak.

Inda muka rabu har yau shi ne na zamani. Cubism, ta ce, shi ne ka kalli abu ta gaba da ta gefe da ta baya, ka haɗa duka a takarda ɗaya. Na ce wannan ai aikin mahauci ne. Sai ga shi an ba su aikin gida su zana wani nasu a wannan salo, kuma ni ta zaɓa. Na zauna mata a kujerar kicin har ƙafata ta yi sanyi. Da ta juyo da takardar, idona ɗaya yana goshi, ɗaya yana kusa da kunne, hancina ya kalli gabas, hulata ta rabu gida uku. Mahaifiyarta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ranar Lahadi da muka kira gida ta waya mai hoto, yarinyar nan ta ɗauko takardar ta nuna wa kakarta.

"Hajiya, kin gane wannan?"

Mahaifiyata ta matso da fuska har goshinta ya cika wayar. "Wane ne?"

"Abba ne."

"Innalillahi! Hatsari ya yi ba ku gaya mini ba?"

Sai da na leƙo da fuskata ta gan ni garau, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Takwara, in dai wannan ake koya miki a Ingila, dawo gida in koya miki saƙar faifai."

Ana cikin haka aikina na jami'a ya zo ƙarshe. Na nema a Manchester ban samu ba, sai a Birmingham, a wani kamfani da ke gwada ƙasa kafin a yi gini. Muka tattara muka koma can, unguwar Handsworth, cikin jerin gidajen nan na jan bulo da suka manne da juna, kowanne da ɗan lambu a baya. Gidan ya fi flat ɗinmu faɗi. Ga shagunan da za ka sami doya da manja da attarugu ba tare da ka hau bas ba, ga masallaci kusa. Maƙwabciyarmu ta dama wata tsohuwa ce 'yar Jamaika, tun ranar da muka sauka ta miƙo mana biredi ta kan shinge. Matata ta ce ita kam ta zo gida.

Mamana ce ba ta zo ba. An cire ta daga ƙawayenta da malamarta a tsakiyar karatu, saura shekara guda jarrabawa. Ba ta yi rigima ba, ba halinta ba ne. Shiru kawai ta yi. Ta dawo makaranta ta haye sama ta rufe ƙofa. In na tambaye ta makaranta ta ce, "Fine." In na tambaye ta zane ta ce, "Fine." 'Yar Hausar da take yi da mu ma ta janye ta. Mahaifiyarta ta ce in ƙyale ta, za ta huce. Sai dai watanni suka wuce ba ta huce ba, ni kuma na rasa ta inda zan ɓullo mata, domin na san ni na jawo.

Wata Asabar na tashi na yi wanka na sa rigar sanyi, na tsaya a ƙasan bene ban san inda za ni ba. Na kira ta, ta ce tana da aiki. Sai na fita ni kaɗai, na hau bas zuwa tsakiyar gari, na tambaya aka nuna mini gidan zane na nan Birmingham. Na yi ta yawo a ciki kamar wanda ya je biki bai san kowa ba. Can sai na shiga wani ɗaki, ga matan nan masu jan gashi, bango guda, sun yi tagumin nasu. Wallahi sai na ji kamar na haɗu da 'yan unguwarmu.

Da muna cin abincin dare nake ba mahaifiyarta labari, Mamana na gefe tana juya cokali a cikin miya. Na ce ashe masu jan gashin nan sun riga mu zuwa Birmingham. Na ce tsofaffi ne ƙwarai, tun kafin masu titin jirgi, wato 'yan Renaissance, aka zana su.

"Ba haka ba ne."

Muka juya muka dube ta.

"Kwaikwayon na da suka yi, Abba. Amma ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsu. Lokacinsu har an yi jirgin ƙasa na gaske. Na gaya maka wannan."

"To, na manta."

"Kullum sai ka manta." Ta ajiye cokalin. "Suna da yawa a can?"

"Sun fi na Manchester."

"Ba su fi ba."

"Sai ki je ki ƙirga."

Ba ta ce za ta je ba. Amma Asabar ta gaba ina ɗaura takalmi na ji saukowarta, da rigar sanyi a hannu. A bas ba ta yi magana ba sai da muka kusa sauka, sannan ta fara ba ni labarin sabon malaminsu na zane, wai yana da kirki amma yana yawan magana, da wata yarinya 'yar Somaliya da suke zama tare.

Aikin ƙarshe na jarrabawa shi ne kowane ɗalibi ya zana wani wuri da ya shafe shi, a salon da ya zaɓa. Na ɗauka Ardwick za ta zana. Sai ta ce tsakar gidan Hajiya take so, na Malumfashi, inda ba ta je ba sai tana ƙarama. Hotunan da ke wayarmu duk na sallah ne, cike da mutane, ba a ganin gidan. Ta ce ba komai, ita dama ba kayan gidan take tunawa ba. Abin da ya zauna mata shi ne wata la'asar da aka shimfiɗa mata tabarma, rana ta bugi katanga, katangar ta yi wani irin ja har ya taɓa hannunta. A salon masu kama haske za ta yi shi. Sai dai ba ta san jan ba, ni zan gaya mata.

Haka muka mayar da teburin kicin wajen aiki, bayan an shimfiɗa tsofaffin jaridu bisa umarnin mai kicin. Takan dama launi a faranti ta shafa a takarda ta miƙo mini. In ce a'a, wannan jan bulon Handsworth ne. Ta ƙara wani abu. In ce wannan tumatir ne. Ta ƙara. In ce yanzu kuma ya koma kunun kanwa. A nan na ɗauki bututun fentinta na karanta abin da ke jiki, na ga ashe wasu launukan ƙasa ce kawai aka niƙa, irin wadda nake gwadawa kullum, tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ke ba ta ja. Na yi shekaru ina auna wannan abu, ban taɓa tunanin da shi aka zana fuskokin da muke zuwa kallo ba.

Da na kasa kwatanta launin, sai na koma ba da labari. Na ce ai katangar ba ƙasa ce zalla ba, an shafe ta da makuba.

"Mene ne makuba?"

Na gaya mata yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a yi wa gini yaɓe don kada ruwa ya ci shi, da irin warinsa, da yadda mahaifina ke tara mu kafin damina mu yi ta miƙa masa a kwano yana kan tsani. Daga makuba muka faɗa kan rumbu, daga rumbu zuwa randar da ke gindin bishiyar darbejiya, da moɗar da aka ɗaure mata igiya don kada mu ɓatar. Na ba ta labarin keken mahaifina da ba mai taɓawa, da ranar da akuyarmu ta cinye mini littafin lissafi. Abubuwan da ban taɓa gaya mata ba, ba don ɓoyo ba, sai don ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban ɗauka labari ne ba. Duk da Hausa nake yi, domin ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu da Turanci ba. Ita ma sai ta riƙa tambaya da Hausa. Mahaifiyarta na yanka albasa tana gyara mini, wai randar ba a gindin darbejiya take ba, a bakin madafi take. Muka yi ta musu a kan gidan da ni aka haifa a cikinsa.

Launin dai bai samu a faranti ba. A ƙarshe ta daina damawa. Ta riƙa ɗiga ja kusa da ruwan lemo, ta sa ɗan shuɗi da ruwan hoda a inda inuwar bishiya ta faɗa, kowanne a wurinsa, ba ta gauraya ba. Wata ranar Lahadi na dawo daga sallar la'asar, na turo ƙofar kicin, allon yana jingine a kan kujera can ƙarshen ɗaki. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Katangar gidanmu ce, da rana a jikinta.

"Yaya?" ta ce.

"Shi ne."

"Ka tabbata? Kada ka ce shi ne don ka gaji."

"Mamana, shi ne."

Makarantar ta baje aikin ɗalibai a babban zaure, aka gayyaci iyaye. Muka tafi da maƙwabciyarmu 'yar Jamaika, domin ta ce ita ma ta sha warin fentin nan ta kan shinge, dole ta ga abin da ya haifar. Ta tsaya gaban zanen, ta dogara sandarta, ta daɗe. Sannan ta ce bayan gidan uwarta haka yake da yamma, sai dai su bishiyarsu mangwaro ce. Ta ciro hankici ta share ido, ta ce fitilun zauren ne suka yi mata ƙarfi.

Mamana ta ci jarrabawar da kyau, kimiyyar ma ba ta sauka ba. Ba ta zama mai fenti ba. Zanen gine-gine ta karanta a jami'a, yanzu tana aiki a Salford, ta koma garinta. Asabar ɗinmu kuwa ba wanda ya ce an daina. Karatu ya yi mata yawa, sai muka riƙa tsallake mako, sai wata, sai ta tafi. Na yi ta ƙoƙarin tuna wace ce ta ƙarshe, na kasa.

Da aka dawo mata da zanen, ita ta ce in kai wa Hajiya. Na cire shi daga katako na naɗe, na tafi da shi a hutun da na je gida. Mahaifiyata ta sa aka buɗe shi a tsakar gida, a gaban katangar kanta. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta ce, "Ina kajina?" Na ce ba a sa mai rai ba. Ta ce to ai gida ba kaji ba gida ba ne, amma takwara ta yi ƙoƙari. Ta sa ƙanena ya kafa shi a ɗakinta, saitin gadonta, duk wadda ta shigo gaisuwa sai an nuna mata.

Bayan rasuwarta ƙannena suka rushe katangar, don damina ta fara cin gindinta, suka tayar da ta bulon siminti. Zuwana na baya-bayan nan na tarar har an yi mata fenti. Zanen yana nan a ɗakin, wanda yanzu matar ƙanena ke ajiye buhunan masara a ciki. Ta tambaye ni ko zan tafi da shi, na ce a bar shi. Na fito tsakar gida na kira Mamana, na same ta a hanya za ta wajen aiki, ina jin ƙarar tarago a bayanta. Na gaya mata an sake katanga.

"Wane launi suka yi mata?"

"Ruwan madara."

"Kai, Abba," ta ce. Ta yi dariya kaɗan, sannan ta ce in gaishe mata da kowa da kowa, kuma in taho mata da kuka da daddawa, nata sun ƙare.